Azumin Amarya

Agege, Legas

Zuwa ga Yaya Furera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya gonar kifin da aka tura ku koyon aiki? Kar ki yi mamakin ganin takarda. Umma ta ƙwace wayata saboda littattafan soyayya, wai sai na gama jarrabawa. Zan ɗauki hoton wannan da wayarta in turo miki. Ni hakan ma ya fi min, kin san bakina ba ya aiki sai hannuna.

Jikin Baba yana nan yadda kika bar shi. Hannun dama da ya shanye bai dawo ba, magana ma haka. Tun da ya daina fita kasuwar Mile 12 sai ya wuni yana kallon bango. Likita ya ce a samo masa abin da zai ɗauke masa hankali, shi ne Yaya Misbahu ya shigo da akwatin gilashi, ya dama ruwa da wani gishiri na musamman, ya zuba farin yashi, a take ya saki kifayen teku guda biyu. Washegari ya koma wurin aikinsa a Fatakwal.

Yaya, ba ki ga kyau ba! Ruwan goro ne da ratsin fari, kamar an yi musu anko. Na sa musu Ango da Amarya, don duk inda ɗaya ya nufa ɗayan na biye. Kuma Baba ya yi murmushi. Da gefe ɗaya ne, amma wallahi murmushi ne.

Yanzu shi ke ba su abinci da hannun hagu. Kin san Baba da baƙo, mutumin da ko ɗan dako ya shigo gaishe shi sai ya ci tuwo. Bayan kowace salla sai ya zuba musu, masu zuwa dubiya ma yana miƙa musu gwangwanin su zuba. Umma kuwa kullum sai ta ciro soson cikin injin tace ruwan ta wanke da sabulu, wai ba za a tara mata ƙazanta a falo ba.

Abu ɗaya ke damuna. Tun jiya Ango yake hawowa sama yana buɗe baki. Ko Amarya ce ta juya masa baya?

Taki ƙanwa,
Nuriyya

*

Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Sai yau na hau tudu na samu sabis. Ki gaishe min da Baba da Umma.

Ajiye soyayya a gefe, kifin nan numfashi yake nema. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama guba a ruwa, ko da ruwan ya yi garau kamar na gora. A tsohon tanki akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zaune jikin duwatsu da soso, su ke cinye gubar. Sabon tanki ba shi da su, sai ya yi makonni kafin su taru. Misbahu ya kai amare gidan da ba a haƙa masai ba. Ɗan abin da ya fara taruwa kuma Umma tana wanke shi da sabulu.

Abin da ya fi shi ne ki mayar da su shagon da aka sayo su, su riƙe har tankin ya nuna. In ba za ki iya ba, to kullum ki kwashe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ki zuba sabo da gishirin da Misbahu ya bari, ba na miya ba. Ki je shagon ki roƙi dutse daga tsohon tankinsu, ki taho da shi a cikin ruwansa. Kar Umma ta taɓa shi.

Sannan ki karɓe gwangwanin nan daga hannun Baba. Ɗan mitsitsi sau ɗaya a rana, wata rana ma babu. Na san ke ko mai motar danfo ba kya iya ce wa ya tsaya, amma wannan dole ki buɗe baki.

Yayarki,
Furera

*

Yaya Furera,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya.

Ango ya mutu kafin amsarki ta iso. Da safe na gan shi kwance a kan yashi. Na so in ɗauke shi kafin Baba ya fito, ban samu dama ba. Ya daɗe yana kallonsa, sai ya jawo gwangwani ya zuba wa Amarya ninki biyu, kamar yadda ake tura abinci gidan rasuwa.

Na je shagon a Ikeja ni kaɗai. Na faɗa wa kwandasta inda zan sauka da bakina, ki rubuta wannan ki ajiye. Matar shagon Bayarabiya ce, ta ce in kawo kifin ta riƙe min. Na ce a'a. Na gaya mata da Yarabanci cewa babana ba ya kallon komai a duniya sai shi. Ta tsoma hannu a tsohon tankinsu ta ciro wani dutse mai ramuka, baƙi-baƙi, yana ƙarni. A cinya na riƙo shi cikin bokiti da ruwansa har gida.

Umma na gani ta ce, "Wannan ƙazantar daga wace kwata? Miƙo soso!"

Na ce, "Umma, ƙazantar ita ce maganin."

Ta ce, "To likita, ke da Yayarki Allah ya shirye ku." Amma ta bar shi.

Na Baba ne ya fi wuya. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, abincin ne ya yi mata yawa, shi ya kashe ɗan'uwanta." Ban so na faɗi na ƙarshen ba, fita ya yi. Ya dube ni, ya dubi hannunsa na hagu. Sannan ya ajiye gwangwanin a ƙasa ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. Har yanzu bai juyo ba.

Yaya, abu ɗaya ya rage masa da yake iya yi wa wani, shi na karɓe. A duk littattafan da na karanta, mai so ƙarawa yake yi, kyauta kan kyauta. Ban taɓa cin karo da wanda ya so abu ta hanyar janye hannunsa ba, shi ya sa ban san yadda ake yi ba. Kullum ina canja ruwa, Amarya tana ɓuya bayan dutsen, Baba yana kallon bango. In ta rayu ba ya kallonta, me na ceto?

Taki,
Nuriyya

*

Nuri,

Gaisuwa gare ku duka. Ba ni da amsar wannan, ba a koya mana ba. Ki ci gaba da canja ruwan. Gwangwanin kuma kar ki ɓoye, ki bar shi kusa da Baba inda zai gan shi. Na yi kuka da na karanta, kar ki gaya wa Misbahu.

Furera

*

Yaya,

Salam, a gurguje, Umma na jiran wayarta.

Amarya ta fito daga bayan dutse, ta daina hawowa sama. Ban ga lokacin da Baba ya juyo da kujera ba, na dai dawo daga makaranta na tarar gwangwanin yana cinyarsa a rufe.

Ɗazu abokinsa Alhaji Isah na Mile 12 ya zo dubiya. Yana cewa "Ina baƙuwar tamu?" ya kai hannu zai ɗauki gwangwanin kamar yadda ya saba. Baba ya dafe murfin da hannun hagu. Bakinsa ya yi ta rawa. Can ya ce, a karkace amma kowa ya ji:

"Azumi take."

Umma ta zubar da shayin da ta ɗauko. 

Taki har kullum,
Nuriyya