Bature Zai Ba da Auren 'Yar Wana Ina Raye

Gwaggo Asabe, ki agaje ni da shawara tun kafin in yi abin da zan dawo ina cizon yatsa. Daga Greensboro ta Amurka nake rubuto miki, inda jaridarku kan iso mana bayan ta kwana biyu, mu yi ta yawo da ita hannu-hannu har ta yage. Ki sakaya sunana, ko da yake a garin nan duk wanda ya karanta zai gane ni.

Ni Bazazzagi ne, Musulmi, ina aiki a wani sito a Wendover Avenue. Wana Iliyasu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zama Kirista tun yana makarantar mishan a Wusasa, kuma hakan bai taɓa raba mu ba. Ya ci naman Sallata, na ci shinkafar Kirsimetinsa. Da ya rasu ya bar 'ya ɗaya, Bebi. Ni na yi faɗi-tashi har ta zo nan karatun aikin nas, a gidana ta zauna a unguwar Glenwood, ni da matata Kaltouma muka riƙe ta kamar mu muka haife ta. Ban taɓa hana ta addininta ba. Kowace Lahadi ni ke kai ta cocinsu na Angilika, in zauna cikin mota a wurin fakin ina jin kaset ɗin wa'azi har su tashi, ko da sanyi na ratsa ƙashi.

To, Allah ya kawo miji, Istifanus, ɗan Billiri, yana digiri na biyu a jami'ar nan. Yaro ne mai ladabi, ba ni da ta cewa a kansa. An sa biki sai bayan Ista, don wai ba sa ɗaura aure lokacin azuminsu. Gidana ya koma kasuwa. Fada, wato limamin cocin, na ta kiransu darasin zaman aure, matan coci na gardama a kan furanni da kek, Kaltouma na lissafin wainar da za ta kai zauren cin abinci na cocin, ni kuwa na zama direban kowa.

Ana cikin wannan hidimar na ji labarin. Wai a cocinsu uban amarya ke riƙo hannunta tun daga ƙofa har gaban bagadi inda ake ɗaura auren, fada ya tambayi wanda ke ba da ita, shi kuma ya amsa. Kin san wanda Bebi ta zaɓa? Wani tsohon Bature ɗan cocinsu, Mista Pruitt, wanda sai an ɗaga murya yake ji. Ba ma ita ta gaya mini ba. A bakin Kaltouma na ji, ita ma don ta ga Bebi na zaɓa masa laktaye mai launin kayan ƙawaye.

Ba zan yi masa ƙazafi ba, mutumin kirki ne, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Shi ya koya mata tuƙi. Shi da marigayiya matarsa kan kira ta cin talotalo ranar godiyarsu ta Nuwamba. To sai me? Shekararta ta farko, da zazzaɓi ya kwantar da ita tana kuka tana kiran babanta, ina Mista Pruitt yake? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ran nan ma har gida ya zo mini da kwalbar zuma, yana washe baki, wai in taya shi murna Allah ya ba shi 'yar aurarwa da tsufansa. Na karɓa na yi godiya. Zumar tana nan saman firij, na kasa buɗe ta.

Gwaggo, kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba. Da furfurata ina kishin tsohon da ya kusa haifata. Ga kuma maganar bidiyo. Za a ɗauki bikin a kaset a aika Zariya, dangi su cika falon babbar yayarmu, su ga Bature ya ba da 'yar Iliyasu alhali ƙanensa yana garin. A gidanmu ko uba na raye ba shi ke ba da aure ba, baffa ne. Da wane ido zan dubi yayarmu?

Ban yi wa Bebi maganar ba. Na dai daina cin abinci tare da su, in ta gaishe ni in amsa a daƙile. Kaltouma ta ce na koma kamar yaron da aka hana tsire. Na riga na gaya wa shugabanmu a wurin aiki ya sa ni aiki ranar Asabar ɗin bikin. In je in zauna a kujerar baya kamar ɗan gayya, ko in bar musu 'yarsu su ƙarata?

Baffa mai ƙunar zuci, Greensboro.

Amsar Gwaggo Asabe:

Baffan Bebi, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ka ladan riƙon marainiya. Kishinka ban ga laifinsa ba, wanda bai sha wahalar yaro ba ai ba ya kishinsa. Kuma Bebi ta yi kuskure. Magana irin wannan zuwa ake yi a durƙusa a faɗa wa babba, ba a bari ya tsinta a bakin matarsa.

Amma bari in ja maka kunne. Da kanka ka ce shekara da shekaru kana kai ta coci kana tsayawa a mota. Ban ce ka yi laifi ba, kowa da addininsa. Sai dai yarinya tana da ido. Ta gani ta gane cewa Baffa ba ya shiga. To da wane baki za ta roƙe ka ka ratsa tsakiyar coci, gaban jama'a, har gaban bagadi? Ni a ganina nauyinka ta ji. Ta ɗauke maka abin da take zaton ba za ka iya ba, sannan ta rasa yadda za ta gaya maka. Kai kuma ka ɗaure fuska ka bar ta da zato.

Akwai tambayar da wasiƙarka ta tsallake: da ta roƙe ka, za ka yi? Ni ba malama ba ce, ba zan ba ka fatawa ba. Ka je wurin malamin da ka yarda da shi ka tambaya. Idan zuciyarka ta natsu, to na tambayi wani rabaran maƙwabcinmu a nan Kaduna, ya ce ba dole ne mai riƙo hannu ya zama shi ke amsa tambayar ba, kuma fada na iya barin mutum biyu su rako amarya. Kai da Bebi ku je ku sami fadansu da wuri, kafin a gama tsara komai. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Idan kuma ba ka natsu ba, ba da aure irin na gidanku yana nan, babu wanda ya taɓa shi. Ka sa Istifanus ya turo manyansa, ko da malaman jami'a ne 'yan ƙasarsu, su zo da goro su nemi aure a falonka, ka karɓi sadaki ka ba su da bakinka. Mai bidiyon ya fara ɗauka daga nan, mutanen Zariya su gani. Ka gayyaci Mista Pruitt ka ba shi kujera mai kyau. Tsohon da ya binne matarsa ya samu yarinyar da ke gaishe shi ba ƙwace ya zo yi ba, ɗa na kowa ne.

Aikin Asabar kuwa, gobe ka je ka janye sunanka. Ka kira Bebi ku zauna, kai ne babba, kai za ka fara magana. Ta yi maraici sau ɗaya, kuma wannan babu yadda kowa ya iya. Kada ka sake mayar da ita marainiya ranar aurenta, da ranka da lafiyarka.

Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.