Na Tashi Daga Tabarmar Baffa

Birnin Kudu,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga Ruƙayyatu, sanyin inuwar ɗorawa, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da rani, farar balbela a tsakiyar garke, furen riɗi da sassafe, malamar yaran Zandam da babu wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. Sallama a gare ki, da gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda aka daɗe ba a ji muryarsa ba.

Bayan haka, kin san ni ba mutumin takarda ba ne. Tun da na bar sakandare biro bai daɗe a hannuna ba. Amma kin daina ɗaukar kirana, ni da nake sayar wa rabin garin nan waya, shi ya sa na koma ga abin da ba ya neman caji. Ban iya roƙo ba, ban kuma koya ba. Bayani zan yi miki, ki karanta a tsanake yadda kike duba aikin ɗalibanki, ki ba ni makin da na ci.

Ni Musbahu da cajin waya na fara, a rumfar kara a kasuwar Gwaram, da ƙaramin janareto na haya. Yau shagona yana bakin titi, da wayoyi da kayan sola har rufi, kuma ba wanda zai ce shi ya ɗaga ni. Sana'a ta koya min duba kaya kafin in miƙa hannu. Haka na dube ki, ba da rawar jiki ba, na juya ki a raina ta kowane gefe ina neman tsaga, ban samu ba. Tafiyarki kamar kogi a ƙarshen damina, ya cika amma ba ya hayaniya. Shirunki kamar duwatsun garin nan, da aka ce wasunsu in an ƙwanƙwasa suna amsawa da ƙara mai zaƙi, amma sai ga wanda ya san inda zai taɓa. Ni na ɗauka na sani. Ashe ban gama sani ba?

Ki tuna ranar da abin nan ya faro. Na zo zance bayan la'asar, na jingine babur a gindin ɗorawar ƙofar gidanku, kika shanya ni kamar yadda kika saba. Don in rage zaman na kunna kiɗan da na samu a wayar Bernard, ma'aikacin gwajin jini a asibiti, wanda ya kawo a kwashe masa kaya zuwa sabon memori. Su biyar ne, matasa, maza uku mata biyu, daga can wasu duwatsu na Amurka. Babu ganga, babu kalangu, babu fiyano. Tsirkiya zalla, da makirfo ɗaya a tsaye a tsakiyarsu. Ɗaya da jita, ɗaya da goge irin nasu da ake maƙalewa a haɓa, ɗaya da wata 'yar mitsitsiyar jita mai kuka kamar gyare, ɗaya rungume da ƙaton goge da ya fi shi tsawo yana fizgar tsirkiyarsa da yatsu, sai wata doguwa riƙe da abin da suke kira banjo, fata a ɗaure kan zagayayyen baki kamar ƙwarya, da dogon wuya. Bernard ya ce sunan salon bulugiras, kuma waƙoƙin na kakanninsu ne, na manoma da masu haƙar kwal da waɗanda jirgin ƙasa ya raba da gida. Yaran ne suka ɗauko su suka ƙara musu gudu. Turancinsu ta hanci yake fita, nawa bai kamo ko rabi ba. Abin da na kama shi ne tsarinsu. Kowa da lokacinsa. Ya matso gaban makirfo, ya faɗi abin da ke cikinsa da yatsu, ya ja baya, na gaba ya shigo. Ba mai ture wani.

Kika fito a ranar da shuɗin mayafi, kika tsaya ba ki zauna ba, kika karkata kai kina saurare. Kika ce kamar ruwan sama a kan kwano. Na sayar da sifika iri-iri, na ji kiɗa na kowace ƙasa, ban taɓa jin wanda ya faɗi gaskiyar kiɗa a kalma shida ba sai ke. Da a nan aka tsaya, da yanzu ba na rubuta takarda.

Sai muka ji gyaran murya a bayan zana. Baffa ne, mahaifinki. Na cire takalmi, na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, yadda ya kamaci wanda yake neman 'yar mutum. Bai tsaya kan gaisuwar ba. Ya tambayi wanda yake kaɗa molo a cikin wayar. Da na nuna masa doguwar nan mai banjo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ai molo ne da ya yi tafiya mai nisa ya dawo da ƙarin tsirkiya. Ya shiga ɗaki, ya fito da nasa, wanda ke da bakinki kika gaya min yana rataye tun rasuwar Innarku Batulu, Allah ya jiƙan ta. Ya hure ƙura, ya ɗaure tsirkiya, ya ce in sake kunnawa. Na ga kin rufe baki da mayafi. Na ga idonki. Kada ki ce min ba ki ji daɗi ba a ranar.

Sauran kin gani, ko da ta bayan zana ne. Asabar ta gaba Baffa ya aika aka kira Sada mai kukuma, maƙwabcinku. Ni kuma ban saba zama ɗan kallo a inda ake aiki ba, sai na sayo tsohuwar jita a Kano, na koya a waya har yatsuna suka tsage suka warke. Baffa ya ɗauko kiɗan kiwonsa na samartaka, wanda yake yi wa shanu a bakin fadama, ya ɗora shi a kan gudun mutanen Amurka. Sada ya bi shi da kukuma, ni na riƙe musu ƙasa. Muka ɗauki tsarin yaran nan ba tare da an yi shawara ba, wannan ya shiga, wancan ya ja baya. Abin ya zauna daram, har masu dawowa daga gona suna tsayawa da fartanya a kafaɗa. Tabarma ɗaya muke zama. Ƙwarya ɗaya ta fura, ludayi yana zagayawa daga hannunsa zuwa nawa. Rannan a gaban mutane ya dafa kafaɗata ya ce ni abokinsa ne.

Ke kuma kika daina fitowa ɗorawa. Me za ki fito yi, tunda babur ba ya tsayawa a can, sai dai ya wuce har bakin zaure? Ranar da kika kawo mana ruwa, kika durƙusa har ƙasa a gabana, kika kira ni Baba, kika tambaye ni ya iyali, ya yara, Sada ya yi dariya har kukuma ta suɓuce masa. Ni ban yi ba. An zage ni a kasuwa, an yi min ba'a ina yaro da janareton haya, babu wanda ya taɓa yanka ni da ladabi sai ke. Daga baya labari ya iso ni cewa Goggonki Mero ta ce bayan kaka ki fito da wanda kike so, kika amsa mata cewa ba mai zuwa wajenki, babur ɗin da ake gani na baƙon Baffa ne.

Ba zan ce na yi kuskure ba, don ban ga inda zan ce a'a ba. Dattijon da ya yi shekaru bai taɓa tsirkiya ba ya ce ka matso, wa zai ce masa shi zance ya zo? Kuma ba zan ɓoye miki ba, zaman ya yi min daɗi. Ban tashi na ga uba ba. Ban san yadda ake ji ba idan babba ya juyo ya gyaɗa maka kai cewa lokacinka ne, shigo. A kan tabarmar nan na sani. Wannan ba ƙorafi ba ne, gaya miki nauyin kayan nake yi kafin ki ji inda na ajiye shi.

Amma ke fa, hasken safiyata, nonon da aka tatso yanzu, iskar da ke riga hadari isowa? Kina tsammani akwai tsirkiyar da aka taɓa ɗaurewa a duniya, a nan ko a Amurka, da za ta biya ni muryarki? Ina kaɗa jita kunnena yana bayan zana, yana neman ƙarar awarwaronki a bakin turmi. Ina komawa Birnin Kudu hanya tana tsawo, gonakin dawa suna wucewa dama da hagu, kiɗan da muka yi yana bina har Surko, daga nan ya gaji ya koma, ke kuma ki raka ni har ƙofar shago, ki kwana a raina, ki tashi a raina, ki hana ni gane kwastoman da ke tsaye a gabana. Mutum mai shago da hankalinsa, a ce mayafi shuɗi ya fi ƙarfinsa! To haka ne, na duba na tabbatar.

Na zauna na auna maganarki, na ga a bisa al'ada ke ce da gaskiya. Abokin uba ba ya neman 'ya, kuma suruki ba ya zama tabarma ɗaya da uban matarsa, ba ya shan fura a gabansa, balle ya haɗa ido da shi yana jiran a ba shi lokacin kiɗa. Ɗaya za a ɗauka. Na ɗauka.

Asabar da ta wuce kina can wajen taron malamai a Gwaram, shi ya sa ba ki gani ba. Na zo ba jita. Na tsayar da babur a gindin ɗorawa, na taka da ƙafa. Baffa da Sada suna zaune, an bar min gurbina a tabarma, har an juyo min da hannun ludayi. Na cire takalmi tun daga bakin zana, na durƙusa a inda na durƙusa ranar farko, na sunkuyar da kai, na gaishe shi gaisuwar da ba ta aboki ba. Sada ya fara tsokana, yana tambaya ko ƙafata ce ta yi ciwo. Na ji Baffa ya ajiye molo a kan cinya. Sannan ya amsa a taƙaice, ya kawar da fuskarsa gefe, wajen turken shanu, bai sake duba na ba. Kin fi ni sanin abin da wannan ke nufi a gidanku, kunyar suruki ce. Na ajiye sifika da memorin yaran Amurka a gefen tabarma, na ja da baya.

Ina tura babur na ji sun fara. Molo ya shiga ya yi nasa, ya ja baya. Kukuma ta shiga ta yi nata, ta ja baya. Da aka zo lokacina, ba wanda ya shiga. Baffa ya bar wurin a buɗe, yana buga ƙafa kawai a ƙasa, daidai tsawon da na saba ɗauka, sannan ya ci gaba. Na tsaya har aka sake zagayowa. Haka ya sake yi. Sai na tayar da babur.

To kin ji. Jita tana rataye a shago bayan kwalayen batir. Ko kin amsa ko kin ƙi, ba ni da hanyar komawa tabarmar nan, don wanda aka kawar wa fuska ba ya dawowa a miƙa masa ludayi. Ban faɗa don ki tausaya min ba, ni na yi cinikin da idona a buɗe. Kawuna Salihu ya shirya zuwa da manya, amma na ce ya dakata, ba na aika dattawa inda ba a ce min to ba.

Ranar Asabar bayan la'asar zan zo, in Allah ya yarda. Ba zan wuce ɗorawa ba. Ba zan kunna komai ba. Idan kika fito da kofin ruwa kika durƙusa kika kira ni Baba, zan sha, in gode, in tafi, ba kuma za ki ji na ɓata sunanki a ko'ina ba. Idan kuwa har yanzu ina da wuri, to kada ki yi sauri. Ki shanya ni yadda kika saba, har inuwa ta juya, har masu dawowa daga gona su gan ni su san wajen wa na zo. Sannan ki fito a tsaye.

Naki, wanda ba ya sauya magana bayan ya faɗa, yau da gobe da ranar da gashinmu zai yi fari kamar na Baffa,

Musbahu