Layi na Bakwai a Littafin Yaya Duan

Wuhan, 9 ga Yuli, 1996

Inna,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki? Ya ɗaliban masallacin mata?

Zafin garin nan sai addu'a, har alli jiƙewa yake a hannu. Mu ashirin ne a darasin lissafi na bazara, uku kacal Farfesa Qiu zai ɗauka digiri na biyu. Ranar ƙarshe kowa zai hau allo ya kafa hujjar ƙa'ida ɗaya, ba takarda a hannu.

Akwai littafin hujjoji da ake gado, bana shekara shida. Yaya Duan, wanda ya haye bara, shi ya bar mana, kowa ya haddace. Amma a hujjar da ta faɗo kaina, layi na bakwai ba ya fitowa daga na shida. Kwana huɗu ina juya shi. Lili, abokiyar ɗakina, ta ce, "Ke 'yar malama, Duan da shi ya haye, ke ce za ki gyara? Karanto abinki ki sauko."

Me zan yi?

'Yarki,
Wenjing

Wuzhong, 16 ga Yuli

Wenjing 'yata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ban san lissafinku ba. Amma kin san littafin addu'o'in da kakarki ta kwafa da hannu. Ashe ta tsallake layi, muka yi shekara goma sha ɗaya muna biya shi haka, ni har ina koyarwa. Ranar da na gano, gida-gida na bi ina faɗa. Wasu sun daina turo mini 'ya'yansu.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son gurbin nan gare ki, har na kasa cin abinci. Duk da haka, inda ba ki tabbatar ba, kada bakinki ya ce "saboda haka".

Ga shayi da busasshen naman sa. Ki ɗiba wa Lili.

Allah ya yi miki albarka,
Innarki

Wuhan, 27 ga Yuli

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Na hau allon. Da na kai layin sai na ajiye alli, na ce nan ban iya tabbatarwa ba. Wani ya yi dariya a baya. Farfesa ya taso ya karɓi allin, ya tsaya gaban layin minti ashirin bai rubuta komai ba. Sannan ya tambaye ni daga ina na samo hujjar. Na ce daga littafin Yaya Duan, a gaban kowa. Ya ce in zauna.

Ba wanda ya zauna kusa da ni a ɗakin cin abinci. Litinin za a kafe sunaye.

Ki sa ni a addu'a,
Wenjing

Wuhan, 29 ga Yuli

Inna,

Salam. Sunana ne na uku. Farfesa ya ce layin ya zama nawa, in gyara shi kafin Satumba. Lili ba ta samu ba, ta tafi ba sallama, naman yana kan gadonta.

Ki aiko mini da rigar sanyi.

'Yarki,
Wenjing