Ba a Banɗaki Hajiya Ta Faɗi Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Admin don Allah ka ɓoye sunana da lambata. Na san Matameye ƙaramin gari ne, wanda ya san motar da zan yi magana a kai zai gane ni, to in ka gane ka rufa mini asiri saboda Allah. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni matar aure ce da 'ya'ya uku, gida ɗaya muke da uwar mijina, Hajiya. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin baƙar magana a bakinta ba, ɗiyata take kirana, in na haihu ita ke yi mini wankan jego da hannunta. Maigidana shi ne autanta, yana sayen gyaɗa da wake a ƙauyukan Tsauni da Icirnawa yana kaiwa Kano. Motar da yake shiga daji da ita kat-kat ce, irin mai ƙarfin nan ta ratsa rairayi, ta marigayi babansu, da aka zo rabon gado yayyensa suka bar masa ita a kan shi zai riƙa kai Hajiya duk inda za ta, asibiti ne ko suna ko gaisuwar mutuwa. Hajiya tana fama da gwiwa amma da kanta take hawa, ta taka matakin ƙarfen nan na gefen mota, ta kama hannun ƙofa, ta zauna gaba inda take zama tun Alhaji na da rai.

Daminar bara motar ta kafe masa a rairayin wata ƙorama a hanyar Tsauni, sai da aka ɗaura mata shanu suka ja. Wani ya ɗauki bidiyo ya tura wa abokan maigidan, suka yi ta masa dariya, ya dawo gida kamar wanda aka mara a kasuwa. Daga ranar ba shi da zance sai na taya. Yana cin abinci yana kallon motocin Larabawa suna hawan tudun rairayi a waya, ya miƙo mini ya ce duba, ni da ban san gaban mota da bayanta ba. Ƙarshe ya tafi Kano ya dawo da wasu ƙatta-ƙattan tayoyi da dogayen ƙarafa, amortisar da resor yake ce musu, waɗanda ake sa wa mota ta ɗaga sama. Bakanike ya kwance ƙafafunta duka ya ɗaura su, tayoyin suna gugar jiki aka yanke gefen bodi, matakin gefe kuma maigidan ya sa aka cire, wai shi ne yake fara kama ƙasa kuma yana ɓata mata tsayuwa. Ranar da ta shigo gida yara suka yi ta tsalle suna Abba ya sayo raƙumi.

Ni da ƙafafuna lafiya sai na tattare zane har gwiwa nake hawa, abin kunya a bakin titi. Na ce masa to Hajiya fa, ya ce ya yi odar wani mataki mai saukowa ƙasa, yana hanya daga Kano. Kafin ya iso sai ya kawo dabara, ya ɗauko tsohon turmina ya kifa a gefen ƙofa, Hajiya ta taka ta hau, in sun tafi ya jefa shi bayan mota. Ita dariya ma ta yi, ta ce rabonta da hawa turmi tun ranar wankan amarcinta. Ni ban yi dariya ba, na yi magana har ya ce na cika mita, na ja bakina. Matakin kuma kullum yana hanya, kamar da ƙafa yake tahowa.

Babbar yayarsu da ke aure a Kance, Yaya Babba muke ce mata, ta zo ta ga Hajiya a kan turmi, ranar gidan ya kama da wuta. Ta ce masa motar ubansu ce ba abin wasansa ba, ya sauke ta ko ya mai da mataki, kuma ta rantse gaban mutane duk ranar da wani abu ya sami Hajiya a dalilin motar nan babu ita babu shi har abada, kuma za ta sa sauran su janye daga gare shi. Duk dangi sun san Yaya Babba ba ta rantsuwa ta janye. Ya ba ta haƙuri, bayan ta koma ya kira ta ya ce an gyara. Ba a gyara komai ba, a gabana ya yi wayar.

Wata ranar da la'asar suka dawo daga gaisuwar mutuwa, yara suna islamiyya, ina shanya a tsakar gida. Ya shigo da mota ya rufe get, ya ajiye turmin a kan rairayi bai danna shi ya zauna ba, sai wayarsa ta yi ƙara, ya juya baya yana cinikin wake. Hajiya ba ta son a ce ana jiranta, ta zuro ƙafa. Na ga turmin ya karkace, na yar da kayan hannuna na ruga amma ina. Ƙarar da na ji har yanzu ina jinta in gida ya yi shiru. Ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi.

Muka ɗauke ta muka kai ɗaki, ya kira Yaya Babba a waya, da kunnena na ji ya ce Hajiya ta zame a banɗaki. Na kalle shi, ya kau da kai. Sai ƙaramar motar maƙwabci aka aro aka kai ta asibiti Damagaram, don babu yadda za a ɗaga mai karaya zuwa saman tasa. Aka yi hoton ƙashi, ƙugu ne ya karye. Da Yaya Babba ta iso ta tambayi Hajiya yadda aka yi, Hajiya ta dubi ɗanta ta ce santsi ne ya kwashe ta.

To 'yan'uwa, wa ke wanke banɗakin Hajiya? Ni ce. Tun a asibiti maganar ta fara yin ƙafa, daga na bar ruwan sabulu, ta koma na saba bari, ta koma dama na gaji da hidimar tsohuwa. Yanzu in na kai kunu Yaya Babba karɓa take daga hannuna a bakin ƙofa. Na je wani taron suna, mata suka yi shiru da na shiga. Innata ta kira ni tana kuka tana tambaya ko haka ta rene ni. Wanda ya fi ƙona mini rai, babbar ɗiyata ta dawo daga lakwal, makarantar boko, ta ce an ce mata uwarta ce ta ka da kakarta.

Na sami maigidan na ce ya wanke ni ko da bai faɗi komai a kansa ba, ya ce in ya ce ba ruwan sabulu ba ne za a tambaye shi to mene ne, in yi haƙuri magana ce za ta wuce. Ya yi kuka, ba zan ɓoye wannan ba, kuma ya rame. Amma turmin ya ɗauke shi ban san inda ya kai ba, matakin da ya shekara yana hanya kuma Hajiya tana asibiti ya iso aka ɗaura. Yaya Babba ta gan shi ta ce ko ba komai auta ya cika alkawari. Ina tsaye ta faɗa, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan an sallamo Hajiya, wata rana Yaya Babba ta fita alwala, sai Hajiya ta kamo hannuna ta ce, "Ɗiyata, na san abin da na ɗora miki. Ke kina da uwa da uba, in duniya ta ƙi ki suna nan. Shi in 'yan'uwansa suka yar da shi ba shi da kowa. Ki rufa mini wannan, ko bayan raina." Na fashe da kuka, ita kuma ta ɗauka na yarda, ta yi ta sa mini albarka. Ina ƙaunar matar nan, kuma ina jin haushinta, duka biyun suna cikin ƙirjina.

Tun daga nan jikinta baya yake yi, ba ta tashi, bayanta ya fara gyambo, abinci sai an lallaba, wani lokaci ta kira sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa. Babban wansu zai taso daga Legas ranar Juma'a a zauna a kaina, Yaya Babba ta ce ba za ta bar uwarta gida ɗaya da ni ba. Maigida ya ce in tafi gidanmu kwana biyu kafin su zo, wai har ƙura ta lafa. Na san in na ɗauki akwati na fita na amsa laifin ke nan, kuma in Allah ya ɗauki ran Hajiya a kan wannan ciwo, sunan da za a kira ni da shi a garin nan har 'ya'yana sai sun gada. In kuma na buɗe baki na raba shi da danginsa, na karya roƙon tsohuwa tana kwance, kuma ban san ko auren zai rayu bayan haka ba.

Da can ina kwantar da raina da cewa ko ba komai ita ta san gaskiya, wata rana tausayina zai sa ta faɗa. Jiya da safe na shiga gaishe ta, ta daɗe tana kallona kamar baƙuwa, sannan ta juya ga Yaya Babba ta ce, "Wannan ce yarinyar da ta bar ruwan sabulun?"

Don girman Allah ku faɗa mini, ranar Juma'a in yi magana ko in ɗauki akwatina? Kuma in na yi magana, yanzu wa zai ce haka ne?