Tazarar tsirkiyar jitar Pak Rahim

Daren Laraba, unguwar Setapak, mako na uku a kulle

Yau yatsuna sun ba ni kunya. Jitar da na saba kaɗawa, irin mai ƙafafu da feda, tana kulle a coci, ga shi Fasto yana son in kaɗa waƙar jana'izar Mama Saratu, 'yar cocinmu, ta intanet ranar Asabar. Maƙwabcina Pak Rahim, da yake kiɗa a otal kafin cutar nan ta sa a rufe, ya ajiye mini tasa a bakin ƙofa.

Tsirkiya goma ce, kamar tawa. Amma duk wadda na nufa, sai na taɓa ta kusa da ita. Na buga masa waya, ya yi ta dariya.

"Ai kowane maƙerin jita da tazarar tsirkiyoyinsa. Nawa sun fi matsuwa, amma bambancin bai kai kaurin farce ba. Daina kallo, ɗana, bar hannu ya koya."

Yaya aka yi hannu ya san abin da ido bai gani ba? Har yanzu ina mamaki.

Da yamma na rufe ido, na kai ƙarshen baitin farko ba kuskure. Sai na ji Pak Rahim ya ƙwanƙwasa bango sau biyu, alamar yabo. Saura baiti uku.