Rubu'in Karta

Diobu, Fatakwal

Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da su Yaya Ramlatu. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ranar da ka tafi da akwatin ƙaninka Saifullahi don rabon gado, na manta ban ce maka ba. A ƙasan akwatin akwai tsohuwar karta cikin gwangwanin shayi. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya ba shi, lokacin da yake dako a tashar ruwa. Kowane kati da hoton wani baje kolin duniya da aka yi a Amurka tun zamanin kakanni. Bai taɓa caca da ita ba. Bayan la'asar yakan jera ta a tabarma, ya ce, "Mardiya, sa takalminki, yau kasuwar Turawa za mu." Sai ya yi ta nuna mini mutanen ciki, har sunaye ya raɗa musu. Allah bai ba mu haihuwa ba, su ne baƙinmu.

Ina takaba, ba halin in zo. Kartar kaɗai nake roƙo.

Ƙanwarka, Mardiya

Obiagu, Inugu

Malama Mardiya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Na kai maganar gaban liman. Ya ce kayan caca ba sa shiga gado, ƙonawa ake yi don a sauƙaƙa wa mamaci. Na kwana biyu ina juya abin. Matar da ba ta da ɗa rubu'i take ci. Kati hamsin da biyu ne. Na ƙona rabona, naki kuwa ba ni da iko a kansa. Ga sha uku nan a hannun Gimba direba, zai biyo ta tashar motar Upper Iweka. Na zaɓo miki waɗanda suka fi tsabta a shari'a.

Allah ya jiƙan Saifullahi.

Datti

Diobu

Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Saƙo ya zo, na gode. Na jera su a tabarma. Gine-gine ne da gadoji da wani tafki, duk masu kyau. Ka zaɓo waɗanda babu hoton mutum ko ɗaya. Na san alheri ka nufa.

Na daɗe ina dubawa. Kamar an tashi kasuwa kafin in iso.

A gaida gida.

Mardiya