Irin Guron Inna

Unguwar Nassarawa,
Birnin Kebbi.
11 ga watan Yuni.

Zuwa ga ɗiyata Rauda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Munzali da jikokina. Allah Ya tsare ku a can Fatakwal, Ya ba ku zaman lafiya da maƙwabta, Ya sa abin da aka fita nema a same shi ta hanyar halal. Allah Ya jiƙan Innarku, Ya sa tana hutawa, Ya kyautata namu ƙarshen, amin.

Ni nan sai godiya. Ciwon gwiwa yana nan inda kika bar shi, sai dai yanzu ya sami abokin hira a ƙugu. Azahar da la'asar da magariba ina lallaɓawa masallaci, sauran kuwa a gida nake yi, wani lokaci a zaune. Iyalin Tamba maƙwabcina ba su taɓa fashin aiko abinci ba, Allah Ya biya su, sai dai tuwo ba ya wucewa da daɗi idan hannu ɗaya ne a cikin kwano. Yayanki Nasrullahi yakan kira daga Kaduna ranar Juma'a. In ce masa lafiya lau, ya ce mini lafiya lau, sai mu rasa ta uku. Gidan ya yi mini girma, Rauda. Idan na yi tari a zaure, ina jin sa yana dawo mini daga tsakar gida.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kunnena ya yi nauyi, rabin abin da kike faɗi amin kawai nake ce masa. Ban da haka akwai maganar da ba ta faɗuwa a waya, akwai kuma abin da waya ba ta iya ɗauka. Zayyanu direban motar albasa zai taso jibi, shi zai kawo miki. Yau kwana uku ina rubuta ta. Hannun da ya yi shekara talatin da biyar yana aikin akawu, yanzu layi biyar ke gajiyar da shi.

Wancan watan kin tambaye ni ko bana za ki sami busasshen guro kamar yadda Innarku ta saba aiko miki duk kaka, kika ce jikana Taufiq ba ya cin miyar kuɓewar can, wai ba ta ja. Na ce miki in sha Allah, na yi sauri na shiga tambayar makarantar yara. Ban yi miki ƙarya ba, amma ban gaya miki gaskiya ba. Ita ce zan gaya miki yanzu.

Kin san ɗan lambun bayan ɗaki, tsakanin madafa da katangar Tamba. Shekara arba'in da takwas Innarku tana shuka shi da faɗuwar ruwa: sure, wato yakuwa, a jikin katanga, alayyafo kusa da randa, kabewa ta hau rufin madafa, guro kuma a tsakiya. Sauran duk ana samun irinsu a kasuwa, amma guron nan ba na kasuwa ba ne. Gajere ne mai kauri, da ja-ja a bakinsa, ba ya saurin tsufa, kuma ɗan kaɗan ke ɗaure tukunya. Daga Argungu ta zo da shi, mahaifiyarta ta ƙulla mata a bakin zane ranar da za a kawo ta. Kowace shekara takan ɗaura tsumma a kan 'ya'yan farko na itace uku ko huɗu, ta hana kowa taɓawa har su bushe a tsaye. Sa'annan ta ɓare su, ta cuɗa irin da toka, ta zuba a ɗan gora, ta toshe da totuwa, ta rataye a madafa inda hayaƙi ke bugu. Duk shekarun nan ina wucewa da jaridata ina ganin goran. Ban taɓa tambayarta dalilin tokar ba. Miya kawai na sani.

Bayan an yi sadakar arba'in ɗinta kun watse, sai zama ya ishe ni, na shiga kimtsa madafa. Na sauko da goran, baƙi ƙirin da hayaƙi, na buɗe na ga toka. Sai zuciyata ta ce mini, kai Ja'afar, abin da ya rage na baiwar Allah nan ke nan, ka bar shi cikin datti? Na ɗauko rariya na tankaɗe. Ban tsaya nan ba, na wanke irin tas da ruwa, na shanya shi yini ɗaya a faranti, na zuba a kwalba mai murfi, na ɗaure tam. Na yanko farar takarda na rubuta suna da kwanan wata da kyakkyawan rubutu, na manna, na ajiye a tagar ɗakina inda zan riƙa gani. Ranar har daɗi na ji, ina ganin na yi mata wani abu. Goran kuwa na jefa shi a shara.

Da bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa ta gabas, na buɗe kwalbar. Warin da ya buge ni shi ya fara ba ni labari. Irin ya dunƙule da fumfuna, wanda ya tsira daga fumfuna kuma wasu ƙananan ƙwari sun huda shi, in ka matsa sai ya rugurguje kamar gawayi. Takardar da na manna kuwa tana nan fes, ko harafi ɗaya bai goge ba. Garin gyaran gira an rasa ido. Na shimfiɗa tabarma a inuwa, na sa tabarau, na yini ina tsinta ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da farce. Cikin abin da ya kai cikin tafi biyu, ƙwaya ashirin da uku na samu masu lafiya.

Ruwan farko ya sauka tsakiyar watan Mayu, mai ƙarfi, har ya kwanta a tsakar gida. Washegari na ɗauki fartanyar Innarku. Tamba ya leƙo ta kan katanga ya ce akawu ya ajiye fartanya, wannan ruwan na kwantar da zafi ne ba na shuka ba. Ya ce su a fadamar Ambursa ba sa yarda da ruwa sai sun tona sun ga danshin sama ya gamu da na ƙasa, kuma wanda ya shekara saba'in da tara bai riƙe fartanya ba, ba zai mutu ba don ya ƙara sati biyu. Na ce masa ai nan gizo ke saƙar, ba ni da takardar shaida cewa zan kai sati biyun. Ya yi dariya, ni ma na yi, amma ba wasa nake ba. Na shuka goma sha biyu. Rami shida kawai na tona, sai da na zauna sau uku.

Maganar Tamba ta tabbata. Kwana goma sha shida sama ba ta sake ɗigo ba, rana kuwa kamar ta sauko ta zauna a kan katanga. Safe da yamma ina jan ƙafa da buta daga randa zuwa ramukan, buta shida kowane zuwa, har ƙugun ya fara wannan ciwon da na gaya miki. Biyu suka tsiro. Ɗaya ya yi kwana huɗu ya kwanta. Ɗayan yana nan da ganye huɗu, na kifa masa tsohon kwando saboda kaji da ƙadangaru. Da asuba in na idar da salla shi nake fara dubawa kafin in gaisa da kowa.

Da na ga haka sai na ce ba a rasa nono a ruga, bari in je tushe. Ranar Asabar da ta wuce na shiga mota zuwa Argungu wurin Baiwa, ƙanwar Innarku. Tafiyar da a da nake yi in dawo kafin la'asar ba tare da na ji komai ba, wannan karon sai da aka kama ni aka sauko da ni daga mota. Na same ta ta tsufa ƙwarai, idon dama ya rufe, amma bakin yana nan yadda kika san shi. Da na gama ba ta labari, sai ta tambaye ni ko da sabulu na wanke. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tun ranar da aka ba ɗan boko yayarta ta san wata rana zai wanke toka. Tana cikin dariyar sai na ga ta koma kuka, ni ma na sunkuyar da kai. Ta ce tokar ita ke shanye danshi ta kuma hana ƙwari, hayaƙi kuma ya ƙarasa sauran aikin, kuma ko yarinyar da ba ta fara ɗaura zane ba, ta san haka a gidansu.

Na ce to ta taimaka mini da nata. Ta ce nata ya tafi shekarar da ruwa ya ci musu ɗakuna, ba ta damu ba don ta san akwai a wurin yayarta. 'Ya'yanta shinkafa suka sa gaba, matansu kuwa irin leda suke saye a kasuwa. Ta aika gida uku na dangi a tambaya, duk aka dawo hannu wofi. Ta ce in ƙirga abin da ya rage mini da kyau, domin iyakar saninta, daga Argungu har Birnin Kebbi guron mahaifiyarsu shi ke nan. Goma sha ɗaya, da wanda ke ƙarƙashin kwando. Kafin in taso ta ɗebo toka daga murhunta ta ƙulla mini a leda, wai kada in je in ce ta gidana ba ta da tsabta.

A mota ina ta juya abin a raina. Tamba ya ce in ba shi ya shuka a gonarsa, amma Baiwa ta gargaɗe ni cewa guro in ya yi maƙwabtaka da wani guron yakan ɗauki halinsa, gonar Tamba kuwa cike take da na leda. Ban da haka Tamba ya girme ni da shekara biyu, ni da shi layi ɗaya muke bi. Ni kuma na gwada hannuna sau biyu, kin ga sakamakon. Don haka ga abin da na yanke. Huɗu zan riƙe, in shuka ranar da Tamba ya ce in shuka, ba ranar da tsoro ya ce ba. Bakwai na wurinki.

Na san a bene kuke, ba ku da ƙasa. Baiwa ta ce tsohon bokiti ya isa, a huda gindinsa, a cika da ƙasa da ɗan taki, a ajiye inda rana ke bugu sosai. Ki jiƙa irin ya kwana cikin ruwa, ki sa bibbiyu, zurfin gaɓar yatsa. Kada ki shuka duka lokaci ɗaya, ki fara da huɗu ki ga yadda ruwanku na can zai yi da su, don na ji an ce ba ya ɗaukewa. In Allah Ya sa sun yi, 'ya'yan farko ba na miya ba ne, ko Taufiq zai yi kuka. Ki ɗaura musu tsumma su bushe a tsaye. Kuma ki sa jikata Jannatu ta tsaya kusa da ke tana kallo, ki gaya mata dalilin kowane abu ko ba ta tambaya ba. Ni shekara arba'in da takwas ina da mai gaya mini a cikin gida, ban tambaya ba.

Maganar da ku da Nasrullahi kuke ta yi, cewa in rufe gida in koma wurin ɗayanku, na ji, kuma ban ƙi ba. Na gaji, ba sai an gaya mini ba. Amma guro yana son wata uku zuwa huɗu kafin ya bushe a tsaye, kuma ba wanda zai ɗaga kwandon nan da asuba in ba ni ba. Ku bar ni zuwa kaka. In na kai, sai in zo da gora a hannu, Tamba ya yi alkawarin samo mini sabo. In ban kai ba, to kin ga dalilin da ya sa bakwai suke wurinki. Busasshen guro dai bana babu, ki ba Taufiq haƙuri, ki ce masa laifin kakansa ne.

Ki gaishe mini da Malam Munzali da kyau, ki yi masa godiya bisa maganin gwiwa da ya aiko. Ki gaishe da Taufiq, da amaryata Jannatu, ki ce mata angon nata ya tsufa amma bai sake ta ba. Baiwa tana gaishe ku, ta ce kin manta hanyar Argungu. Tamba da iyalinsa suna gaisuwa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuke yi mana, Ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
Ja'afar Maliki.

Ƙarin bayani: ƙullin yana cikin ambulan, a tsumman da na yaga daga tsohon zanen Innarku. Na ga tokar ta ɓata takardar, har ta shafe wasu kalmomi, kuma ban taɓa aika wa kowa takarda mai datti irin wannan ba. Na ɗauki alƙalami zan sake kwafewa, sai na ajiye. Idan kin kwance, kada ki hure, kada ki kakkaɓe. Ki bar su cikin tokarsu.